Kuɗin Bida: Ina Gumin 'Ya'yanmu Yake Zurarewa?



A ƙasarmu ta Kona, kai har Tasawa da Mayahi baki ɗaya, amfani iri biyu muke girba a shekara. Na farko shi ne wanda muke ɗaurewa dami-dami mu kai rumbu da kaka. Na biyun ba ya tsirowa a gona. Ta waya yake shigowa, ko a aljihun direba, ko a ƙasan jakar wanda ya dawo daga Kano, Legas, Agadas, Tamanrasat ko Sabha. Shi ne kuɗin bida. Duk wanda ya san gidajenmu ya san cewa shekarar da damina ta gaza, wannan na biyun ne ke riƙe tukunya tun daga bazara har sabon hatsi ya nuna. Kowa ya san farashin tiya a kasuwa, kowa ya san gonar da ta ba da dami nawa, amma ba kasafai ake zama a yi lissafin kuɗin bida ba: nawa ya shigo, ina ya tafi, me ya rage bayan shekara biyu. Lissafin da muke so mu taɓa yau ke nan.

Cin rani dai ba yau aka fara shi ba. Kakanninmu sun taka da ƙafa zuwa Kano, wasu har Gwanja da Kumasi. Masu bincike ma sun daɗe da sa mana ido. A shekarun 1950 wani Bature ɗan Birtaniya, Mansell Prothero, ya yi nazarin masu fita cin rani daga lardin Sakkwato, a daidai lokacin da Jean Rouch ɗan Faransa ke bin sawun 'yan Nijar masu zuwa ƙasar Gana ta yau. A 1999 wani Ba'amurke, David Rain, ya fitar da littafi sukutum a kan mutanen Maraɗi, har sunan littafin daga kalmarmu ta cin rani ya samo shi. Abin da suka gano tsofaffinmu sun riga su sani: tafiyar dabara ce ta gida. Baki guda ya ragu a kan rumbu na wata biyar ko shida, sannan mai bakin ya dawo da kuɗin iri, da na gishiri, da tufafin sallar yara.

Abin da ya canza shi ne nisan hanya da tsadar ta. A 2011 yaƙin Libiya ya koro 'yan Nijar sama da dubu 200, da yawa suka iso gida da rigar jikinsu kawai. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a hamada, arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance, maƙwabtanmu na jihar Damagaram. Ƙishirwa ce ta kashe su. Har yanzu ana kwaso mutane daga Aljeriya a sauke su a bakin iyaka, su taka wajen kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka. Tun 2014 ramukan zinariya na Jado suka ja samarinmu, wasu suka samu, wasu ƙasa ta rufta da su. Dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure ta sa direbobi bin ɓarauniyar hanya marar rijiya, har zuwa Nuwamban 2023 da aka soke ta. To, kowace jika da ta shigo gidanmu daga arewa, da wannan farashin aka sayo ta. Shi ya sa asarar ta ke da ciwo fiye da asarar kuɗin banza.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2023 ma'aikatan da ke ƙetare sun aika wa ƙasashe masu tasowa sama da dala biliyan 650. Dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba. Wannan ya ninka agajin da ƙasashe masu arziki ke bayarwa kusan sau uku. Daga ciki, wajen biliyan 54 ne ya shigo Afirka kudu da Sahara, Najeriya kaɗai ta kwashi wajen biliyan 19. Sai dai aiko kuɗi zuwa yankinmu ya fi na ko'ina tsada: kusan kashi 8 cikin 100 ke tafiya a ladan aike. Wato a jika 100, jika 8 ta faɗi a hanya tun kafin uwa ta sa hannu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗaura niyyar a sauko da shi ƙasa da kashi 3 kafin 2030.

Waɗannan alƙaluma kuma abin da ya bi ta banki da kamfanonin aike ne kawai suke gani. Namu kuwa, mun san yadda akasari yake zuwa. Yaro ya ba ɗan kasuwa dinari a Sabha, ɗan kasuwan ya buga waya, abokin hulɗarsa a Agadas ko Tasawa ya ƙirga sefa ya miƙa. Wani ya damƙa wa direban mota. Wani ya sayi buhun masara ko atamfa ya aiko. Kamfanoni irin su Al Izza, BNIF Afuwa, Nita da Amana sun sauƙaƙa aike a cikin ƙasa ƙwarai, yau a sa kuɗi a Arlit da safe, kafin azahar an karɓa a Tasawa. Amma babban kaso yana tafiya ne a kan amana, babu takarda, babu wanda ya ƙidaya shi.

Akwai masu cewa ai kuɗin bida cinye shi ake yi, ba a gina komai da shi. Mu dai ba mu yarda da wannan zargi ba. Gidan da ya sayi hatsi da kuɗin ɗansa a watan Yuli, gidan ne bai jinginar da gona ba, bai sayar da akuyar uwargida da araha ba, bai bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani ba. Wanda ya ga yunwar 2005 a jihar Maraɗi ya san darajar wannan. Bincike ma yana tare da mu. Dean Yang, masanin tattalin arziki, ya bi gidajen ƙasar Filifin bayan rikicin kuɗin Asiya na 1997, lokacin da kuɗin da 'yan ƙetare ke aikowa ya ƙara daraja farat ɗaya. Ya tarar yara sun fi zama a makaranta, aikin ƙarfi na yara ya ragu, an kuma ƙara buɗe sana'o'i. A nan gida, Jenny Aker da abokan aikinta sun gwada raba tallafi ta wayar salula a jihar Tawa lokacin ƙarancin abinci na 2010, suka ga gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, don matan ba su ɓata yini a hanya da layi ba. Talaka ya san abin da zai yi da kuɗi in sun iso hannunsa.

Wani abin da ya rage mana ƙarfi shi ne naira. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta yi ta gangara. A kasuwar canji, dalar da ake saye wajen naira 750 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ga wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Mai tura baro a Kano ko mai sayar da shayi a Abuja aikinsa bai ragu ba, amma in ya canza abin da ya tara, rabin na da yake riƙewa. Wannan ba a hannunmu yake ba. Akwai ramuka biyu dai da suke cikin gida, waɗanda za mu iya toshewa da kanmu.

RAMI NA FARKO: MASU NINKA KUƊI

Yaron da ya tara jika 300 a waje yana da damuwa guda: ina zai ajiye? In ya aiko gida, buƙatu sun yi yawa, kafin ya dawo sun narke. In ya riƙe a jikinsa, 'yan sanda ko 'yan fashi na iya raba shi da su a dare ɗaya. Banki yana nesa, kuma yana son takardun da ba shi da su. A wannan tsaka mai wuya ne saƙo ke shigowa ta WhatsApp: ga wani kamfani, ka zuba jika 100, duk wata a ba ka jika 30. Ana turo hoton ofis mai gilashi, da hoton takarda mai tambari, da muryar wani ɗan gari yana rantsuwa cewa shi ya karɓa. Kuma da gaske ya karɓa. Nan ne tarkon yake.

Mu yi lissafi tare. Jika 100 da ke ƙaruwa da kashi 30 duk wata, in ba a taɓa ba, a shekara guda ta zama miliyan 2 da jika 300 da ɗoriya. A shekara biyu ta haura miliyan 54. A shekara uku ta wuce biliyan ɗaya. Don Allah wace sana'a ce ke haihuwa haka? Ba kiwon turka ba, ba ajiyar wake ba, ba fataucin man fetur ba. Ko cibiyoyin ba da ƙaramin rance da gwamnati ta sani, doka a yankin sefa ta hana su ɗora wa mai karɓar bashi fiye da kashi 24 cikin 100 a shekara. A shekara fa, ba a wata ba. Wanda yake da sana'ar da ke ba shi kashi 30 a wata, me zai kawo shi ƙauye neman jika 50 ɗin matar aure?

Sirrin abin tsoho ne. Charles Ponzi ya yi shi a birnin Boston a 1920, har aka laƙaba wa irin wannan damfara sunansa. Kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan wanda ya shigo jiya. Ranar da sababbin shiga suka ragu, sai a ce na'ura ta samu matsala, a yi haƙuri mako biyu, daga nan lambar waya ta daina shiga. A 2010 kamfanin ICC-Services ya rushe a Benin da ajiyar dubban mutane. A Disamban 2016 MMM, wanda ɗan Rasha Sergei Mavrodi ya ƙirƙira, ya daskarar da kuɗin 'yan Najeriya bayan alƙawarin kashi 30 a kwana 30. A Afrilun 2025 CBEX, mai alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ya kulle. Suna ne kawai ke canzawa. Wani lokaci su ce kirifto, wani lokaci noman zamani, wani lokaci su yafa rigar addini su ce babu riba haramtacciya a ciki, kasuwanci ne tsantsa. Abin da ya fi muni, wanda ya kawo maganar cikin gari yawanci ɗan uwa ne mai kyakkyawar niyya. In abu ya fashe, kuɗi sun tafi, zumunci ya bi su.

Akwai hukumomin da aikinsu ke nan, ya kamata mu san sunayensu. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, amma tana nan cikin ƙungiyar ƙasashe takwas masu amfani da sefa, don haka dokokin kuɗi na yankin suna aiki a kanmu. Babban banki BCEAO, mai hedikwata a Dakar, shi ke sa ido a kan bankuna. Duk wata cibiyar ajiya da ƙaramin rance sai ta samu izini daga ministan kuɗi kafin ta karɓi ko dala ɗaya ta jama'a, kuma a Yamai akwai hukumar ARSM mai kula da su. Wanda kuma ya ce zai tara kuɗin mutane ya juya musu a kasuwar hannun jari, izininsa yana wajen AMF-UMOA da ke Abijan, wadda a da ake kira CREPMF. A Najeriya hukumar SEC ce, kuma sabuwar dokar da aka sa wa hannu a Maris na 2025 ta tanadi ɗauri mai tsawo ga masu irin wannan damfara.

Ga inda ake yi wa mutane wayo. Takardar rajistar kasuwanci, ko lambar haraji ta NIF, ko takardar CAC ta Najeriya, ba izinin karɓar ajiya ba ne. Mai shagon taya ma yana da su. Abin tambaya shi ne lambar izinin karɓar kuɗin jama'a, da sunan hukumar da ta bayar. Bambancin ba ƙarami ba ne. Cibiya mai izini ana bincika littattafanta, ana tilasta mata raba kuɗin masu ajiya da na masu ita, kuma yankin yana da asusun lamuni da ke mayar wa masu ajiya a bankuna wani abu, har zuwa wani iyaka, in banki ya durƙushe. Izini ba ya hana asara gaba ɗaya, ko mai izini yana iya faɗuwa. Amma yana ba ka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Marar izini kuwa, in ya gudu, sai dai a ce Allah ya isa.

RAMI NA BIYU: BATIR DA ZAFIN BAZARA

Wannan ramin ba ya ƙara, ba a kai shi gaban alƙali, amma in aka haɗa abin da yake ci a shekara, wallahi ba kaɗan ba ne. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, a karkara kuwa abin ya fi haka ƙaranci. Don haka da yaro ya samu sarari, cikin abubuwan farko da yake aikowa akwai farantin sola da batir: tsohuwa ta samu fitila, a yi cajin waya a gida, wani ya buɗe shagon caji, wani ya sa firigo ya sayar da ƙanƙara da azumi. Jari ne mai kyau. Farantin yana iya shekara 20 yana aiki. Batir ɗin ne ke mutuwa, sau da yawa kafin ya cika shekara biyu, sai a ce jabu aka sayo. Jabu yana nan a kasuwa, babu musu. Amma ko na ƙwarai aka sayo, yadda ake ajiye shi yana iya kashe shi.

Batir mai dalma da asid, irin wanda ya fi yawa a wajenmu, shekarun da aka rubuta a kwalinsa an auna su ne a zafin digiri 25. Ƙa'idar da masana suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba rayuwarsa biyu. Zafi yana gaggauta cin ƙarfen da ke ciki, yana kuma ƙafar da ruwansa. To mu dubi namu. A Afrilu da Mayu zafin inuwa yana haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin kuwa ya fi waje zafi da rana tsaka. Batir ɗin da aka ce zai yi shekara shida, in ya rayu a digiri 35 sai ya yi uku, in a 45 ne shekara ɗaya da rabi. Ba sihiri ba ne, ba kuma hassadar maƙwabci ba. Ko manyan kamfanonin mota sun sha wannan darasi. A 2012 masu motar lantarki ta Nissan Leaf a jihar Arizona mai zafi suka yi ta kukan baturansu na raguwa da wuri, yau kuma yawancin motocin lantarki ruwa ne ke zagaya batir yana sanyaya shi.

Mu ba mu da wannan na'ura, amma muna da ɗakin laka. Wanda ya shiga soron ƙasa da azahar ya fito ya shiga na kwano ya san bambancin. Batir ya zauna a ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da bangon da rana ke duka da yamma, nesa da murhu, a ɗora shi a kan katako, a bar sarari ta kowane gefe iska ta ratsa. Kada a kulle shi cikin akwatin ƙarfe, kada a lulluɓe shi da bargo don tsoron ƙura. Ɗakin ya kasance da taga ko kafa a sama, don lokacin caji yana fitar da iskar da ke kama wuta, ko sigari bai kamata a kunna kusa da shi ba. Mai murfi, a riƙa duba ruwansa duk wata, a ƙara masa tataccen ruwan batir kawai. Ruwan rijiya yana kashe shi, ƙarin asid ma haka. Kuma kar a haɗa faranti kai tsaye da batir ba tare da ƙaramar na'urar nan mai daidaita caji ba, wadda masu gyara ke ce wa regilatar. In babu ita, rana tana dafa batir ɗin ne kullum.

Sai kuma lodi. Batir mai lamba 100 a kan bolt 12 yana ɗauke da wajen wat 1,200 na awa guda, amma rabi kawai ya kamata a sha, wato 600, in ana so ya yi ƙarko. Talabijin mai wat 60, fanka mai 50, ƙwai uku masu goma-goma, sun haɗa 140. Awa huɗu da 'yan mintuna sun cinye rabon. Duk daren da aka bar shi sai da fitila ta mutu da kanta, an yanke masa kwana. Faranti guda mai wat 100 kuma abin da yake tarawa a yini bai cika mayar da wannan 600 ɗin ba, sai batir ya kwana da yunwa ya tashi da yunwa, har farin gishiri ya daskare a kan dalmarsa ya daina riƙe caji. Batir ɗin mota ma ba na sola ba ne, an yi shi ne don ya ba da ƙarfi na daƙiƙa kaɗan a tada inji. Na litiyom ya fi tsada, ya fi jure sha mai zurfi, ya fi daɗewa, amma shi ma ba ya son zafi, kuma sai an tabbatar yana da na'urar kariya a cikinsa.

In ya mutu, kada a fasa shi a tsakar gida. Dalma guba ce, yara ta fi kamawa, tana taɓa ƙwaƙwalwa. A unguwar Caroy da ke gefen Dakar yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin batura a cikin gidaje. Maƙwabtanmu na Zamfara sun binne ɗaruruwan yara a 2010 saboda dalmar da ke cikin dutsen zinariya. A mayar da shi dunƙule ga masu saye, ba a zubar da ruwansa inda awaki da yara ke wasa ba.

TO, INA MAFITA?

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A jiharmu ta Maraɗi aka haifi Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE, yau kuma ana kwaikwayon tsarin a ƙasashe da dama na duniya. Me ya sa asusun mata ke daɗewa, kamfanin gilashi yana rushewa? Ana zubi a gaban kowa. Ana ƙirga kuɗi da babbar murya. Akwati yana hannun wata, makullai suna hannun wasu. Mai karɓar rance an san gidanta, an san sana'arta. In lokaci ya cika a fasa asusu a raba, kowa na kallo. Abin da manyan hukumomin Abijan da Dakar ke nema wajen masu juya biliyoyi, shi ne iyayenmu mata ke yi a ƙarƙashin bishiya: mai riƙe kuɗi daban, mai lissafi daban, kuma kowa ya gani.

Mutanen yankin Kayes na Mali da ke aiki a Faransa sun daɗe da kafa ƙungiyoyin 'yan gari, suna zubi wata-wata, sun gina makarantu da ɗakunan shan magani da rijiyoyi a ƙauyukansu. Namu samarin ma suna da irin wannan haɗin kai a zango, in wani ya rasu ko aka kama shi, nan da nan ake haɗa kuɗi. Abin da ya rage shi ne a ɗaga shi daga na jaje zuwa na jari. Dokar OHADA ta 2010, wadda Nijar ke ciki, ta yarda mutum biyar su kafa ƙaramar ƙungiyar haɗin gwiwa mai rajista, ta buɗe asusu da sunanta, kuɗi ba sa fita sai da sa hannun mutum biyu. Da irin wannan ana iya sayen hatsi da wake da kaka a ajiye zuwa bazara, a yi turkar raguna don layya, a fanso gonakin da aka jinginar, ko a haɗa sola guda babba mai ɗakin batir na laka da yaro ɗaya da aka koya wa kula da ita, maimakon batura goma suna mutuwa a ɗakuna goma.

Muna roƙon hukumomin kumin da masu gari da limamai su sa baki. Duk wanda ya zo tara kuɗin jama'a, a tambaye shi izininsa a gaban mai gari kafin ya yi taro. Gidajen rediyon Tasawa da Mayahi su riƙa karanta sunayen cibiyoyin da ke da izini, da Hausa, a kai a kai. Masu sayar da sola su riƙa ba da rasit da garanti a rubuce, su kuma gaya wa mai saye gaskiyar abin da batir zai iya ɗauka.

Ku kuma 'yan uwa da ke waje, kafin ku aiko, ku yi tambaya. In jari ne: wa ya ba su izini, me suke sayarwa da ke kawo wannan riba, in na nemi kuɗina gobe zan samu? In sola ce: a wane ɗaki za a ajiye batir, me da me za a ɗora masa, wa zai duba ruwansa? Wanda ya ji haushin tambaya, ku riƙe kuɗinku. Mu na gida kuma amana ce a wuyanmu, don mai aikowa bai ga abin da ake yi da guminsa ba, muryarmu kawai yake ji a waya.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ko ya naɗa da murya ya tura wa na Sabha da na Jado da na Legas. Allah ya tsare matafiyanmu, ya dawo mana da su lafiya, ya sa albarka a abin da suka samo. Waɗanda suka kwanta a hanya, Allah ya jiƙansu. Amin.